Ledar Jini Ɗaya da Ragon Suna

Ƙarfe tara da minti ashirin na safiyar wata Talata abin ya fara, kuma har in koma ga Mahaliccina ba zai fita daga raina ba. Mu uku ne a bakin teburin rajista: ni, da matata mai cikin wata huɗu, da wata dattijuwar nas mai tabarau da ke yi wa masu ciki rajistar awo a wani asibitin gwamnati a nan Abuja.

Bari in gabatar da kaina tukuna, don komai da tsarinsa. Ni ne shugaban masu gadi a wata ma'aikatar tarayya. Mutum goma sha biyu ne a ƙarƙashina, kuma ba wanda ya isa ya zo mini da takalmi ba gogewa. Shekara shida muna jiran haihuwa. Da Allah ya kawo cikin, sai na tsara abu uku: na farko awo, na biyu kayan haihuwa, na uku ragon suna. Na amsa laifina, na ukun na fara yi. Har garin Yangoji na je na sayo ɗan rago fari mai baƙin kunne, muka ɗaure shi a bayan ɗakinmu a Kurudu, matata tana ba shi dusa da harawa, tana yi masa hira kamar mutum.

To, nas ta gama rubutu, ta dube ni ta saman tabarau. Hausarta irin ta Abuja ce.

"Oga, kai ne miji? Za ka je ka ba da jini leda ɗaya, mu ajiye saboda ranar haihuwa. In ka kawo takarda, mu buga hatimi a katin madam."

Na ce, "Jinin wa?"

Ta ce, "Naka mana. Ko ni na yi mata cikin?"

Matan da ke kan benci suka kwashe da dariya. Ni ban yi ba. Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: na taɓa kama ɓarawo da hannuna a bakin ƙofar ma'aikata, ban ji ɗar ba, amma in na ga allura, sai tsoro ya kama ni kamar ƙaramin yaro. Na gyara tsayuwa na ce wa matata, "Tashi mu tafi."

A cikin Keke Napep na jero mata dalilai. Na ɗaya, layin ya yi tsawo. Na biyu, bencin zai sa mata ciwon baya. Na uku, nas ɗin ba ta da ladabi. Na ce matar da ta jira shekara shida asibitin kuɗi ya dace da ita. Ta ce, "To, Malam." Ni kuwa na ɗauka na burge ta.

Ranar Asabar na kai ta wani asibitin kuɗi da na ji ogana yana yabo. Gaskiya wurin ya yi kyau. Esi yana busawa, ga talabijin, ga kujeru masu laushi, ba layi ko kaɗan. Wata budurwa a teburin karɓar baƙi ta yi mana murmushin da tun a nan ya kamata in gane ba kyauta ba ne. Ta miƙo takarda. Buɗe kati da kuɗinsa, ganin likita kowane zuwa da kuɗinsa, hoton ciki da kuɗinsa. Haihuwa da kanta ta kusa albashina na wata uku. Da idona ya sauka kan layin tiyata, sai na ji sanyin esin ya daina zuwa wajena. Ta ce sai an ajiye kafin alƙalami kafin a riƙe mana gado.

Na yi gyaran murya na tambayi abin da ya kawo ni. "Nan dai ba a neman miji ya ba da jini ko?"

"A'a, Alhaji," in ji ta. Ban taɓa zuwa Makka ba, amma na bar ta. "Sai dai in buƙata ta taso, ku kawo mai bayarwa, ko ku saya."

Matata ta sunkuyar da kai tana gyara mayafi. Yanzu na san dariya take ɓoyewa.

Duk yadda na juya, abin da ke hannuna bai kai kafin alƙalamin ba. Abu ɗaya ya rage mini mai daraja, shi ne ragon. Ranar Laraba bayan la'asar na zo da dillali gida. Ya buɗe bakin ragon ya duba haƙora, ya mammatsa bayansa, ya yi tayi. Ina shirin cewa na sallama, sai matata ta leƙo ta ce, "Malam, zo ka ji."

Na shiga ɗaki. Ta zauna a bakin gado ta ce, "Ranar suna me za a yanka?"

Na ce Allah zai kawo wani.

"Allah ya riga ya kawo, ga shi can a ɗaure. Malam, shekara shida ina gidanka. Duk ranar da aka yi mini allura, tagar asibiti kake kallo. Ranar Talata kuwa gumi har cikin kunnenka. Ba bencin ba ne, ba layin ba ne." Ta dafa cikinta. "Ni zan haifo mutum guda, ban ce ina jin tsoro ba, alhali ina ji. Kai leda ɗaya aka ce."

Na fita na sallami dillali, har da kuɗin mota na ba shi.

Washegari na shirya kamar mai zuwa fareti. Na goge kakina, na goge takalmi, na ɗaura bel, don in ƙara wa kaina ƙarfin zuciya. Sannan na yi kuskuren da har yau nake jin kunyarsa. Na taɓa jin an ce ba a cin abinci kafin a je gwajin jini, sai na ƙi karyawa, ko ruwa ban sha ba. Matata ta ce in sha koko, na ce mata ta bar ni, na san ƙa'ida.

Muka bi layi tun bayan asuba har wajen sha ɗaya. Ɗakin ɗibar jinin yana kallon inda masu ciki ke zama, ƙofar kuma a buɗe. Wani ma'aikaci ya ce in nannaɗe hannun riga. Ya ɗaura mini roba a dantse, ya yage takardar allura. Na ga tsininta. Abin da na sani ke nan.

Da na buɗe ido, ina kwance a ƙasa, an cire mini takalmi da bel, mata masu ciki kusan goma sun kewaye ni suna mini fifita da katinsu na awo. Wata tana cewa, "Sannu soja." Nas mai tabarau tana tsaye a kaina da kwalbar lemo.

Na ce, "An gama?"

Ta ce, "Oga, ba mu fara ba."

Da ta ji ban karya ba, ta yi mini faɗan da ni kaina ban taɓa yi wa yarana a wurin aiki ba. Ta aika matata ta sayo mini shinkafa da wake, ta tsaya har na cinye, ta sa na huta. Sannan aka kwantar da ni a gado, matata ta riƙe mini ɗaya hannun tana cewa, "Yi numfashi, Malam, yi haƙuri, ya kusa fitowa." Aka cika leda. Aka buga hatimi.

Kada in yi muku ƙarya, asibitin gwamnati ma ba kyauta ba ne. An ba mu jerin kaya, safar hannu, auduga, maganin kashe ƙwayoyin cuta, ledar shimfiɗa, duk na saya, ga kuɗin gwaji da na magani, ga sammakon layi kowane awo. Amma albashina ya ɗauka.

Haihuwar ta zo ranar wata Lahadi da azahar. Mace aka samu. Ina cikin hamdala sai na ga ana shiga da fita da sauri, aka ce jini ya ɓalle wa matata. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba, allura ba komai ba ce. Nas mai tabarau ta wuce ni da leda a hannu, ta ɗaga katin ta nuna mini hatimin, ta ce, "Zauna, Oga. Ka riga ka yi naka." Kafin magariba matata ta buɗe ido ta tambaye ni ko an ba rago dusa.

Ranar suna aka yanka shi. Na aika wa nas da cinya guda.

Abin da na koya shi ne, na kusa sayar da ragon 'yata don in ɓoye tsorona, na kuma sa masa suna gata. Mai hali ya je asibitin kuɗi, ba laifi. Amma kai mai karatu, in matarka tana da ciki, ina roƙonka abu uku, kuma a jere: ka tambayi kuɗin komai kafin ka zauna a kujera mai laushi, ka miƙa hannunka in an nemi jini, sannan don Allah ka sha koko kafin ka fita.