Haƙoran Inna Ludayi

Kafin injin yankan katako ya yi tarin farko, Inna Ludayi ta riga ta ɗora tukunya a ɗakin girkin masana'antar kujeru. Da rana ma'aikata su jeru da farantansu, ta zuba wa kowa tana mita. Sunan ma daga nan ya samo asali, don da ludayi take nuna mutum in za ta wanke shi tas. Makon jiya ta ajiye aiki. Wanda ya nemi a rubuta wannan jinjina shi ne Dogo kafinta, kuma tun da ya fara ba da labarin bai ɗaga kai ba.

Shekarun baya aka yi wa Dogo tiyata. An cire masa babban hanji, likitoci suka naɗe ƙarshen ƙaramin suka yi masa 'yar jaka a cikin ciki, ta riƙe abin da babban ke riƙewa. Daga waje ba a ganin komai. Sai dai zuwa bayan gida ya yawaita, cikin kuma ya riƙa ƙugi a gaban jama'a. An ce masa ya ci kaɗan-kaɗan a kai a kai, ya tauna sosai, ya yawaita shan ruwa, ya yi hankali da barkono, gyaɗa, wake da ɗanyen ganye. Kunya ta hana shi faɗa wa kowa. Sai ya daina ci a wurin aiki, wai don kada a ga yana zarya.

Ashe gudun gara ya yi, ya faɗa gidan zago. Ciki ba komai, iska ta ƙaru, ƙugin ya fi na da. Ran da jiri ya kwashe shi ya dafe benci, wani ya ce, "Dogo, janareta ka haɗiye ne?" Aka bushe da dariya. Ya koma gida ya ce wa matarsa ƙarshen wata zai bar aikin, ga yara a makaranta, ga ba shi da wata sana'ar.

Bayan kwana biyu Inna ta nuna shi da ludayi.

"Kai Dogo, zo nan. Haƙorana sun mutu, ba na iya tauna abincinku. Na dafa nawa mai laushi, kuma ni ban iya ci ni kaɗai ba. Zauna."

"Inna, na ƙoshi."

"Na tambaye ka? Zauna, ɗan nan."

Farar shinkafa ce da ta dahu luguf, da dankali da kifi, ba yaji. Da hantsi ta aika masa ayaba da dafaffen ƙwai, wai sun yi mata yawa. Ta ajiye masa gorar ruwa da ɗan gishiri da sukari. Har makullin bayan gidan da ke bayan ɗakin girki ta ɗanƙa masa, wai ya riƙe mata don ita mantuwa gare ta. Jiri ya tafi, ciki ya lafa, maganar barin aiki ta bi ruwa.

Ga inda kunyar take. In ma'aikata suna tsokanarta da tsohuwa mai matattun haƙora, Dogo yakan taya su dariya, har ya fi kowa, don kada a zargi zamansa a teburinta. Tana ji. Ba ta taɓa tanka masa ba, sai dai ta tura masa faranti.

Ranar bankwana aka yi liyafa, iyalai suka zo. Dogo na kallo Inna ta ɗauki ƙashin kaza ta murƙushe shi ƙaras-ƙaras, ta bi da gyaɗa cike da tafi. Ya juya wurin matarsa baki buɗe. Matar ta ce a hankali, "Ni na je mata ta ƙofar baya ina kuka, na faɗa mata lalurarka. Ta ce in koma gida, kada in sake ka sani."

Dogo ya miƙe, ya faɗa wa taron abin da ya ɓoye shekara da shekaru, da jakar da ke cikinsa da dariyar da ya yi wa Inna. Ba wanda ya yi dariya a wannan karon.

Inna, ke ce kika aro wa kanki aibi don ki rufe na wani. Kin bar naman da kike so, kin ci abincin marasa lafiya da haƙoranki lafiya lau, kin sha tsokana a bakin wanda kike ciyarwa. Uwa ba da mama, mun gode. Allah ya rufa miki asiri kamar yadda kika rufa.

Mu kuma mu duba teburinmu, ƙila akwai mai cewa ya ƙoshi alhali kunya ce ta cika shi. Mu nemo masa dalilin zama, kamar yadda Inna ta yi. Da Dogo ya durƙusa yana neman gafara, ludayin ta nuna masa ta ce, "Tashi ka ci ayabarka, tun safe ba ka sa komai a ciki ba."