Neman Wuƙar Auren Mangwaro a Riyad

Mun tashi daga Shakra ranar Alhamis ana idar da sallar asuba, ni da abokina mai motar, wani Bakatsine da ke aikin haɗa magani a asibitin da nake gwajin jini. Riyad muka nufa, tafiyar awa biyu da rabi idan hanya ta yi kyau. Abin da ya fito da mu kuwa 'yar wuƙar aljihu ce mai naɗewa.

Mahaifina sana'arsa auren itatuwa. Yakan yanko reshen mangwaro mai kyau, ya tsaga jikin ƙaramin dashe, ya haɗa su ya ɗaure da leda, bayan 'yan shekaru a sha daɗi. Wuƙar da yake aikin da ita ta girme ni, kuma washi ya cinye ta har ta koma kamar tsinke, ƙarshe ta karye. A kaset ɗin gaisuwa da aka aiko min daga gida, bayan kowa ya gama nasa, sai ga muryarsa: "Ka daina aiko min da agogo, ba ofis nake zuwa ba. Wuƙa nake so mai naɗewa, ruwanta miƙaƙƙe, kamar tsawon yatsana na tsakiya. Ta iso kafin damina ta zauna."

Na taɓa aika masa wata, ƙatuwa mai kube, wadda na zaɓa don kawai ta cika ido. A filin jirgi aka karɓe ta daga hannun wanda na ba saƙon, don ruwanta ya wuce ƙa'ida. Wannan karon wani likita ɗan garinmu da ke zaune a Riyad zai je gida bikin ƙanensa ranar Juma'a, da jakar hannu kawai. Ya ce zai kai, amma da sharaɗi: za a bincike shi a Riyad, a sake bincikarsa a Jidda, saboda haka kada ruwan wuƙar ya kai inci uku. Idan ya tafi babu ita, ba ni da wani matafiyi sai bayan aikin Hajji, lokacin kuwa auren mangwaro ya wuce.

Hanyar lafiya lau take, kwalta sumul kamar an goge. Gefe da gefe akwai gonakin alkama masu siffar faifai, kowace da doguwar na'urar ban ruwa tana zagaya ta a hankali, wasu an riga an girbe. Mun wuce wata a-kori-kura da raƙumi a bayanta, ya durƙusa ya ɗaga kai yana kallon motoci kamar shi ya biya kuɗin man. A Marat muka tsaya karyawa. Wake ne dafaffe da suke kira ful, da man zaitun a kai, da burodin tanderu mai faɗin faranti, da shayi mai madara. Mu biyu muka ƙoshi a kan riyal shida. Mai kuwa, abokina ya cika tanki da abin da bai kai kuɗin abincin rana ba.

Kafin hawan dutsen Tuwaik akwai shingen 'yan sanda. Baƙo ba ya barin garin da yake aiki sai da iƙamarsa, wato katin zaman ƙasa, da takardar izini daga kafilinsa, wato mai gidan da ya ɗauke shi aiki, mu kuma mun tanadi namu. Ɗan sandan ya duba, ya tambayi abin da zai kai mu birni. Abokina ya ce, "Sayayya." Na gode masa a raina da bai ce wuƙa ba.

Ƙarfe tara saura muka shiga kasuwar Batha. Wanda bai ga Batha ranar Alhamis ba bai ga taro ba. Ma'aikata daga kowace ƙasa sun sauko, ga Indiyawa, ga 'yan Filifin, ga Sudaniyawa da manyan rawuna, kowa da abin da yake tayawa. Rediyo, akwatuna, barguna, agoguna a cikin kwano kamar gyaɗa. Kowane shago da kaset ɗin da yake sawa. Sai da muka zagaya sau uku kafin mu sami wurin ajiye mota.

Shagon farko na wani Bayamane ne, siriri, mai fara'a. Ya jero mana wuƙaƙe a kan gilashi. Wadda ya fi yabawa wata ja ce da ke da almakashi da zarto da mabuɗin gwangwani da abin sakace, har da ɗan madubin ƙara girman rubutu. Abokina ya kamu nan take, ya saya wa kansa. Ni kuwa na san idan na aika wa Baba ita, zai ce na aiko masa da shagon maƙeri.

Da na yi maganar ƙa'idar jirgi, Bayamanen ya ce abu ne mai sauƙi, faɗin yatsu huɗu ne. Ya ɗora ruwan wuƙa a kan yatsunsa ya nuna mana. Abokina ya ɗora nasa hannun, wanda Allah ya yi wa albarkar nama, sai ga wuƙar da ta wuce ƙa'ida a hannun mai shago ta zama halas a nasa. Wani Basudane da ke tayin tocila ya sa baki ya ce inci huɗu ne, ya ji da kunnensa. A ofishin tikiti da ke gaba kaɗan, akawun ya ce shi dai abin da ya sani, ya danganta da wanda ka tarar a bakin ƙofa. Na ga babu mafita sai maganar likita. Na shiga wurin wani tela ɗan Pakistan na sayi tef ɗin awo riyal biyu. Na auna yatsana na tsakiya, tunda hannuna irin na Baba ne, na samu inci uku da ɗan ɗoriya. Ke nan abin da Baba yake so da abin da jirgi zai ɗauka sun kusa haɗuwa, amma ba su haɗu ba.

Mun shiga shaguna sun fi goma. Wata wuƙar ta yi tsawo, wata ruwanta ya yi kauri, wata kaifinta mai haƙora ne, wata kuma kyan ƙota kawai gare ta, ka taɓa ta tana girgiɗi. A wani shago can cikin lungu, mai shi ya gaji da ni ya tambayi aikin da za a yi da ita. Larabcina na asibiti ne, na san sunan jini da allura, ban san na gona ba. Sai na ɗauko Hausa na juya ta kai tsaye, na ce wuƙar auren bishiya nake nema. Mutumin ya yi dariya har ya dafa kantar shagon, ya kira maƙwabcinsa ya maimaita masa, maƙwabcin ya tambaye ni ko bishiyar ta amince.

Wani dattijo ɗan ƙasar da ke zaune a gefe yana shan gahawa bai yi dariya ba. Ya yafito ni, ya sa na kwatanta da hannu. Na yi kamar ina yankan reshe, na tsaga, na haɗa, na ɗaure. Ya gyaɗa kai ya ce, "Tat'im," sunan aikin ke nan da Larabci. Ashe yana da gonar dabino a Kharj. Ya ce ba a Batha ake samunta ba, in tafi shagunan kayan noma da ke wajen Sulay. Ya rubuta min kalmar a bayan ambulan, ya tsiyaya mana gahawa, ya ƙi barinmu mu tafi sai da muka ci dabino uku-uku.

Muna fitowa aka kira azahar, ƙofofin shaguna suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya. Bayan salla kuma kasuwa ba ta dawowa sosai sai la'asar. Muka zauna a wani gidan abinci na 'yan Afganistan, muka ci shinkafa buhari da rabin kaza gasasshe, riyal goma, da nono mai sanyi. Abokina ya kwashe lokacin yana buɗe kayan jar wuƙarsa ɗaya bayan ɗaya, akwai guda biyu da har yau bai gano amfaninsu ba. Ni hankalina yana kan agogo, don gobe Juma'a ce, babu shagon da zai buɗe kafin jirgin likita ya tashi.

Sulay wata duniya ce daban. Babu ado, sai rumbunan ajiya, garejoji, tireloli, da gidajen leburori da shanya a kan katanga. Titunan duk kamarsu ɗaya, muka ɓace sau biyu. A karo na biyu muka ji Hausa daga ƙarƙashin wata tirela, direbobi uku ne suna shan shayi a inuwa. Muka yi sallama, aka gaisa, aka tambayi garuruwa. Da muka tambayi shagunan kayan noma, ɗayansu, wani Basakkwace, ya ce kwatance ba zai yi ba, ya shiga motarmu ya kai mu har ƙofar wani shago, ya koma da ƙafa.

Shagon cike yake da buhunan taki da tiyo da irin shuka. Mai kula da shi Bamisire ne, malamin gona, mai furfura a gefen kai. Na miƙa masa ambulan. Ya ɗauko kwali ya fito da wuƙaƙe uku. Ɗaya lanƙwasasshiya ce ta sassabe reshe. Ɗaya ta wuce inci uku da rabi. Ta uku ƙotarta ta katako ce, ruwanta miƙaƙƙe, siriri, a bayansa akwai ɗan tudu na ɗaga ɓawo. Na ɗora tef, inci uku ba kwata. Na rufe na buɗe, ta ba da ƙara mai daɗi, babu girgiɗi. Har na sa hannu a aljihu sai ya ce, "Dakata, ya ustaz. Da wane hannu mahaifinka yake yanka?"

Ya nuna min cewa irin wannan wuƙar gefe ɗaya ake wasa ta, ɗaya gefen a shafe yake, don yankan ya fita sumul reshen ya manne. Ta mai dama daban, ta bahago daban. Idan aka saɓa, sai ta riƙa nutsewa cikin itacen tana ɓata aiki.

Na buɗe baki zan ce dama, sai na tsaya. Da dama yake cin abinci, da dama yake musabaha. Amma yanka fa? Na yi ta neman hotonsa a garka, na kasa ganin hannun. Abin da ya zo min shi ne tabo. Babban yatsansa na dama da manuninsa duk ƙananan tabbai ne, na sha ganinsu idan yana jan carbi. Na faɗa wa Bamisiren. Ya ce hannun da ke riƙe reshe shi ke shan yanka, saboda haka wuƙar tana hagu.

Ya ce ta bahago ba a cika tambayarta ba, bai tabbatar akwai ba. Ya shiga ciki, muna jin yana ture kwalaye. Minti goman nan sun yi min tsawo. Ya fito da ƙura a gwiwa da guda ɗaya tak, takardar da aka naɗe ta har ta yi ja. Na sake aunawa, tsawon bai canja ba. Riyal talatin da biyar ya ce, ban taya ba. Ya ƙara min da ɗan dutsen washi kyauta, ya ce in gaida abokin sana'arsa.

Daf da magariba muka isa gidan likita a Badi'a, unguwa mai shiru da manyan katangu. Kafin mu zauna ya ɗauko rula daga jakarsa ya auna da kansa, sannan ya ce mu shigo da kyau. Maiɗakinsa ta yi mana tuwon semo da miyar kuka da man shanu, abin da na yi wata bakwai ban gani ba. 'Ya'yansa mata suka gaishe mu da Hausa, suka koma gefe suna gardama da Larabci. A nan muka kwana.

Da safe muka raka shi sabon filin jirgi, can arewa da gari, mai rufi kamar jerin tantuna da maɓuɓɓugar ruwa a tsakiya. Muka tsaya daga inda ake hango wurin bincike. Jami'in ya zuge jakar, ya ɗauko wuƙar, ya buɗe ta, ya ɗora a kan yatsunsa. Abokina ya raɗa min cewa mu yi addu'a mutumin ya kasance mai cin abinci ne. Ya juya ta, ya yi wa likita wata tambaya, likita ya yi kwatance da hannu, irin wanda na yi a Batha. Jami'in ya rufe ta ya mayar. Likita ya ɗago mana hannu ya wuce.

Mun yi sallar Juma'a a Durma, muka iso Shakra ana kiran la'asar, da ƙura a jiki da kwali ɗaya na dabino. Tafiyar ta koya min cewa idan za ka aika kaya ta jirgi, ka bi ma'aunin wanda zai ɗauka, ka sayi tef, kada ka dogara da yatsun kowa. Ta koya min kuma cewa a Riyad ba a rasa abu, sai dai a rasa sunansa. Abin da ya fi tsaya min shi ne, shekara talatin da huɗu ina cin abin da hannuwan Baba suka samo, sai da wani baƙo a shagon taki ya tambaye ni kafin in lura da wanne ke aikin.

Likita ya dawo bayan mako guda, ya bugo min waya asibiti. Ya ce Jidda ma an wuce lafiya, kuma da kansa ya kai saƙon. Baba ya karɓa, ya buɗe, ya duba kaifin gefe da gefe, ya ga ta bahago ce. Sannan ya ɗago ya ce, "Likita, wa ya gaya masa?"