Sunan Da Inna Ta Riƙe A Baki

Ranar wata Laraba ce da hantsi, a kakar shekarar 1923. Muna bakin masussuka mu yara muna sukuwa da raƙuman kara, mata na sheƙar gero, sai ga gardi biyu, dogaran Nasara, da jajayen huluna sun ɓullo bisa raƙuma ta hanyar Tanut. Kowa ya san abin da ya kawo su. Lokacin buɗe lakkwal ya yi, wato makarantar Nasara, kumandan kuma, Baturen da ke mulki a Tanut, ya ce kowane gari ya ba da yaro. Nan take wuri ya kaure. Kowace uwa ta yar da ƙwarya tana ƙwala wa ɗanta kira, wanda ya ji sunansa ya ruga, a cusa shi cikin rumbu ko ƙarƙashin tarin kara. Na ji muryar Inna ta ce, "Ilu!" Ƙanena ya zura da gudu. Sai na sake jin ta tana cewa, "Kai! Kai yaron nan!" To, wane yaron, a wurin da yara suka fi kaji yawa? Na tsaya ina waige-waige da karana a hannu, har inuwar raƙumin gaske ta rufe ni.

Ni ne ɗan farin Inna, a ƙauyenmu kuwa, can tsakanin Tanut da Belbeji, mace ba ta kama sunan ɗan farinta. Kunya ce, wadda ta yi sake da ita ta zama abin zunɗe a bakin rijiya har tsufanta. Sunana Laminu, amma tun da na yi wayo ban taɓa jin sa a bakinta ba. Gwaggo Delu, yayar babana, ita ta goye ni, a ɗakinta nake kwana. In Inna za ta aike ni ɗiban ruwa da jaki, sai ta dubi danga ta ce, "Wani ya tashi, randa ta bushe." In ta dama fura ta ajiye mini ƙoƙo a gindin turmi ta kau da kai. Ilu kuwa sunansa bai gajiya a bakinta, safe da yamma. Abin yana ci mini rai ƙwarai. Wata rana na kai ƙara wajen Gwaggo, ta dungure mini kai ta ce, "Sakarai! An ce labarin zuciya a tambayi fuska. In an hana ka fuskar, ka tambayi ƙoƙonka." Da na duba kuwa, kullum nawa ya fi na Ilu nono. Amma ni ba nono nake nema ba.

A kowace shekara ana gudun lakkwal, amma gudun wannan shekarar dabam yake, don shekarar sanƙarau ce. Ciwon ya yi ɓarna a bazara, damina ta kwantar da shi, ana gama ɗaurin hatsi aka fara jin ƙishin-ƙishin ya sake ɗagowa. Mutum zai wayi gari da ciwon kai, wuya ya ƙage, kafin jibi an kai shi. Mutanenmu sun haƙiƙance a Tanut yake zaune, inda sojan bariki da fatake da ayarin gishiri ke cuɗanya. Saboda haka ranar da aka aza ni bayan gardi, kukan mutuwa aka yi mini. Babana ya sunkuyar da kai, Gwaggo na birgima a ƙasa. Inna tana tsaye jikin danga, idonta a bushe, don ko kukan ma al'ada ba ta ba ta ba. Ta miƙa wa Gwaggo wani ƙullin tsumma, dabino ne da cuku da laya a ciki, ta ce, "A ba mai tafiyar." Bakinta na zuba wa ido daga bisa raƙumin, ina cewa a raina ko yau kaɗai ta kama sunana, har garin ya ɓace.

Lakkwal ɗin wata rumfar zana ce a bayan bariki. Malaminmu dogon baƙo ne daga can yamma, Hausarsa a karye, kullum hancinsa ɗaure da ƙyalle. Yakan auna tsawon karan gero guda tsakanin yaro da yaro kafin mu zauna, wanda ya matsa kusa da ɗan'uwansa ya sha wannan karan. Ba langa, ba kokawa, ba cin tuwo a akushi ɗaya. Mu ne shara, mu ne itace, mu ne jan guga a rijiyar da in ka leƙa ba ka ganin ruwanta, sa'an nan mu durƙusa muna zana baƙaƙen Nasara da yatsa a kan rairayi. Kowace safiya malam zai kira sunaye, kullum kuwa masu amsawa raguwa suke. In ya kira ya ji shiru, sai ya ɗaga kai ya dubi gurbin, ya wuce na gaba. Abin takaici, wannan baƙon da bai san gidanmu ba shi ke kiran sunana kowace rana, yana murɗe shi yadda ya ga dama.

Da zafi ya shigo ciwon ya yi ƙamari, kumandan ya hana cin kasuwa, ya rufe hanyoyi, ba shiga ba fita. Labarin gida ya yanke. Abu guda ya riƙe ni a wannan zaman, na koyi rubuta sunana. Na ƙudurta in na koma zan share ƙasa a gindin turmin Inna in rubuta shi, in tambaye ta ko ta san mene ne wannan. Wautar yaro, ina ganin zan yi mata tarko ta faɗa.

Sai da ruwan fari ya sauka aka buɗe hanya, aka sallame mu. Tun daga nesa na san ba lafiya, don ban ji daka ba, kuma hantsi ne. Ƙofofi da yawa an tare su da ƙaya. Na tarar da Gwaggo ita kaɗai a tsakar gida, ta rame har ban gane ta ba sai da ta yi magana. Ciwon da aka ce a Tanut yake, ashe bai jira kowa ya kawo shi a raƙumi ba. Ilu, wanda aka ɓoye cikin rumbu, shi ya fara tafiya. Babana ya bi shi. Inna ce ta ƙarshe.

Gwaggo ta riƙe hannuna ta ce, "Tun da ciwon ya kama wuyanta ba ta kira kowa ba sai kai. Laminu, Laminu, har maƙwabta na ji ta kan danga. Mata suka ce ciwo ya cire mata kunya. Ba ciwo ba ne, ɗana. Cewa take da ta kira ka ranar nan, da ba a kai ka ka mutu a hannun baƙi ba." Wayyo Allah! Ta tafi tana ganin shirunta ne ya kashe ni, alhali shi ya fisshe ni. Na roƙi Gwaggo ta faɗa mini yadda ta faɗe shi, ko da ƙarfi ne ko a hankali. Ta gwada, baiwar Allah, amma muryar Gwaggo ce.

Yau jikokina da ƙafarsu suke zuwa lakkwal, iyaye har faɗa suke a ɗauki 'ya'yansu. In an ji ɗuriyar sanƙarau, masu allura sun iso da mota tun kafin a rasa kowa a unguwa. Jikanyata tana tsaye a ƙofar gida take ƙwala wa ɗan farinta kira da sunansa na yanka, tsofaffi suna taɓe baki, wai kunya ta ƙare a duniya. Ni ba na sa baki. Nakan dubi yaron yana tahowa da gudu, bai ma san abin da aka ba shi ba. Duk ƙauyenmu sun ji sunana a bakin Inna, ban da ni.