Waƙar Inna a Bakin Jita

Wata Alhamis ce da damina, shekarar da nake aji huɗu na firamare a Tudun Wada, aka tara mu a ƙarƙashin darbejiya don a zaɓi masu wasa a bikin ƙarshen zango. Ƙasa ta jiƙe, muna tsugune bisa takalmanmu. Sai ga yayana Bala, ɗan aji shida, ya fito rungume da jitar aro.

Jitar ta maƙwabcinmu ce, Malam Istifanus, malamin asibiti mai kaɗa wa mawaƙan cocinsu. Katanga ɗaya ta raba mu. Kullum da la'asar kakarmu Inna takan yi daka tana waƙa, ni ina bakace, 'yan matan gida suna lugude suna amshi. Bala ya ɗauki waƙar nan ya kai zauren Malam Istifanus, suka yi ta lalube har tsirkiyar ta kama saukar taɓarya. Ranar da Inna ta fara ji, sai ta ajiye faifai ta ce, "Wannan katakon ya iya Hausa."

A makaranta kuwa, Bala bai kai baiti na biyu ba Malam Garba, mai kula da wasanni, ya ɗaga hannu. Ya ce biki na al'adun baƙar fata ne, wannan kuwa kiɗan Turawa ne. Bala ya ce, "Malam, ai waƙar Innarmu ce." Malam Garba ya ce, "Waƙar taku ce, kiɗan nasu ne. Nemo kalangu." Yara suka sheƙe da dariya, wani ya haɗa da sunan unguwarmu ya yi ihun "Baturen Gyallesu!" Ina zaune, kowane baiti yana bakina, amma ban san wanda ake kai wa ƙara irin wannan ba.

Washegari Malam Istifanus ya je makarantar da kayan aikinsa a jiki. Ya ce a can ƙasashen Turawan, irin wannan kaɗin kiɗan baƙaƙe suke ce masa. Malam Garba ya saurara da ladabi, ya rako shi har bakin ƙofa, bai sauya komai ba. Sunan kuma ya bi Bala filin langa, ya bi shi bakin famfo, har ya mayar da jitar ya daina shiga zauren. Inna takan tambaya, "Ina mai katakona?" Sai ya ce yana da karatu. Kafin wata daminar Allah Ya yi mata rasuwa.

Yau Bala keken haya yake tuƙawa, injin niƙa ya kori turmi daga gidanmu. 'Ya'yana suna jin kiɗan duniya a waya, suna gardamar wanne ne na farare, wanne ne namu. Na taɓa roƙonsa ya rera musu waƙar, sai ya ce ta ɓace masa. Ni ma amshin kawai ya rage mini, kuma amshi ba ya tashi sai da mai bayarwa.