Malama Mairam, Wadda Ta Fara Tambayar Matan Kasuwa

Ranar Alhamis, 8 ga Mayu, 2025, bayan sallar azahar, Babakura ya kira ni ya ce yayarsa, Malama Mairam Umara, ta cika a gidansu da ke Yindiski. Na Allah muke, wurinsa kuma za mu koma. Na yi kuka, Malama, amma ba zan ɓoye ba, zuciyata ta sami sauƙi. Wata bakwai kina jinya, yanzu kin huta.

Shekara biyar ke nan da aka ba mu aikin bincike kan matsalolin mata, ni da ke. An aiko da jerin abubuwan da za mu duba, koyon sana'a ne a sama. Kika ninke takardar kika ce, "Ramlat, mu fara tambayar masu abin."

A kasuwar hatsi muka tarar da Ya Kaka, wata dattijuwa mai shiƙar gero, leɓunanta duk sun bushe. Kika miƙa mata ruwa, ta ƙi karɓa.

"Azumi kike yi, Iya?"

"A'a, 'yata. In na sha, ina zan zaga? Sai na koma gida."

Mata sama da ɗari biyu muka tambaya, har da masu zuwa daga Mamudo, kusan duk amsar ɗaya ce. Suna yini cikin zafi ba su sha ruwa ba saboda babu makewayin mata, da yawansu kuma na fama da ciwon mara. Da kika ce wannan za mu sa a gaba, aka yi dariya a taro, wani ya ce ashe boko a masai ya ƙare. Ni ma kunya ta kama ni, na roƙe ki mu canza. Ba ki yi fushi ba, sai kika ce in sake karanta abin da matan suka faɗa da bakinsu.

Rahoton ya shekara uku yana yawo daga wannan ofis zuwa wancan. Da ciwo ya kwantar da ke, babban tsorona kada ki tafi ba ki ga komai ba. Saura mako biyu ki rasu aka amince a gina makewayin mata da famfo a kasuwar, kuma kada a sake buɗe kasuwa ko tasha ba tare da su ba. A bakin gadonki na karanta miki takardar.

"An fara tona?" kika tambaya.

Na ce an fara, na gani da idona. Kika yi hamdala, kika nemi a dama miki kunu, bayan kwana biyu ba ki sa komai a baki ba.

Allah Ya jiƙan ki, Malama, Ya sa jinyar ta zama kankarar zunubi, Ya shayar da ke daga Alkausara. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki Malam Muhammadu Lawan, da 'ya'yanki Sharifa da Bilyamin, da ƙaninki Babakura. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen.