Mai Tsani, Wanda Sai Ya Zauna a Kujerarka

Idan mutum ya ƙi taimakon da zai tsirar da shi, wanne ya fi zama daidai: ka girmama ƙin nasa ka zuba ido yana nutsewa, ko ka taimake shi a bayan idonsa? Na juya wannan tambaya a raina har na gaji, ban sami amsa ba. Wanda ya jefa ni cikinta shi ne mai gyaran wutar ofishinmu, wanda muke kira Mai Tsani. A makon nan ya ajiye aiki bayan ya tsufa a cikinsa, kuma saboda shi na ɗauki biro.

Yana riga kowa zuwa, in ka cire mai shara. Zai ɗauko tsaninsa a bayan ƙofar sito, ya saɓa a kafaɗa, ya bi ɗakuna yana kunna fitilu. In ya kunna ba ya wucewa nan take. Sai ya tsaya, ya ɗaga kai, ya kasa kunne. Dogon ƙwan lantarkin da ya kusa mutuwa yakan fara ƙyafce-ƙyafce da kuka irin na sauro tun kafin kowa ya lura, shi kuwa yana jin sa. Ya hau, ya cire murfin, ya zubar da matattun ƙwari, ya goge ƙura da tsumma, ya sauko. Kafin mu iso ya gama. Shi ya sa da yawanmu muka daɗe muna zaton fitilun nan da kansu suke kula da kansu.

Abin da aka fi saninsa da shi wata ɗabi'a ce da sababbin ma'aikata kan ɗauka raini ne. In ka kai masa kukan fitila, ba ya fara hawa tsani. Sai ya ce, "Tashi in zauna." Ya zauna a kujerarka, ya riƙe takarda yadda kake riƙewa, ya sa ka nuna masa yadda kake sunkuyawa, ya dubi allon kwamfuta daga inda idonka yake dubansa. Yakan ce daga saman tsani kowace fitila lafiyarta ƙalau, wahalar tana ƙasa, inda mutum yake wuni.

Sakatariyarmu shaida ce. Ta yi shekaru ciwon kai yana kama ta kullum da yamma, aljihun teburinta cike da magani. Ya zauna a kujerarta, sai ya ga tagar da ke bayanta tana haska allon kamar madubi, ashe wuni take tana runtse ido tana karatu ta cikin ƙyalli. Ya juya teburin gefe, ya saki rabin labule. Bayan ɗan lokaci ta tare shi a baranda.

"Baba, na ɗauki alhaki. Ashe na daɗe ina ɗora wa mijina laifin taga."

"To ki je ki ba shi haƙuri, 'yata."

"A'a, bar shi. Yana da nasa laifin da ban kama ba tukuna."

A ɗakin akawu kuwa, wanda muka ɗauka ba shi da taga, mutane kan fara gyangyaɗi da rana ta take, da yamma kuma faɗa ya tashi a kan abin da bai kai ya kawo ba. Shi ya gano akwai taga a bayan wani dogon kabad, ya yi ta roƙo har aka janye kabad ɗin. Babban akawu da bakinsa ya ce aikin da ake maimaitawa ya ragu, kuma an daina harare-harare. Amma ba kullum Mai Tsani yake dacewa ba. Ya taɓa cika ɗakin taro da fararen ƙwayaye masu kashe ido, aka ce wurin ya koma ɗakin tiyata. Ya cire su bai yi musu ba, ya ce, "Ban zauna ba na saka, ga sakamakon." Matarsa ta ce ko gidan surukai suka je gaisuwa, ana hira idonsa na kan silin, sai ta taka masa ƙafa.

Sai maganar Jan Biro. Shi ne ke karanta duk takardar da za ta fita daga ofishin, ya zagaye kuskure da jan biro, daga nan sunan ya bi shi. Sa'an Mai Tsani ne, tare suka tsufa, kullum suna tsokanar juna. Teburinsa yana lungu, da gilashi shimfiɗe a kai, fitila kuma tana bayan ƙeyarsa. A bana aka fara ganin abin da ba a saba gani ba: takarda ta wuce hannunsa da kuskure a ciki. Aka yi shiru a ta farko, aka yi raɗa a ta biyu. Daga baya manaja ta fara tunanin a ɗauke shi daga teburin, a mayar da shi ɗakin ajiyar tsofaffin fayil. Ga mutumin da duk girmansa a cikin mutane idonsa ne, wannan binnewa ce da rai.

Mai Tsani ya jingine tsani ya same shi.

"Malam, tashi in zauna."

"In tashi maka? Kai da ko sunanka sai na gyara maka?"

"Ba karatu zan yi ba, gani zan yi."

"Je ka ji da jemagun silin. Fitilata lafiyarta lau, ni ma haka."

Mai Tsani ya koma ba sau ɗaya ba, amsar ba ta canza ba. Na daɗe ina ɗauka girman kai ne, sai daga baya na gane tsoro ne. In Mai Tsani ya zauna ya ga hasken ne, an tsira. In kuwa ya zauna ya ce hasken ba shi da laifi, to an tabbatar idon ne, kuma bakin da kowa ya yarda da shi ne zai faɗa.

Mai shara ta ba Mai Tsani shawara wata safiya, ita ta ba ni labari. Ta ce, "Yaya, ga kujera, ga ka, babu kowa. Zauna mana ka gyara abinka, wa zai sani?" Ya tsaya ya dubi kujerar har ta ɗauka zai zauna. Sai ya ce kujera ba mai ita ba ta faɗin komai, don bai san yadda mutumin yake karkata kai ba. Ya ƙara da cewa, "Kuma ya ce a'a. In na sace masa a'arsa, me ya rage masa?"

A nan tambayata ta samo asali. Ni da ni ne, ina jin da na zauna. Amma ban tabbata da na yi daidai ba.

Manaja, wadda ba azzaluma ba ce, ta kira Mai Tsani ta tambaye shi kai tsaye, hasken ne ko idon. Yana iya cewa hasken ne ya rufa wa abokinsa asiri, ba wanda zai ƙaryata shi. Ya ce, "Ranki ya daɗe, ban zauna a kujerarsa ba, don haka ban sani ba." Ta ce za ta jira amsarsa, amma ba za ta wuce ranar da zai bar aiki ba.

Mai Tsani, kai ne ka ƙi yi wa manaja ƙarya, ka kuma ƙi yi wa abokinka fashin mutunci, ka tsaya tsakanin biyun kana shan zagi daga wanda kake jira. Kai ne ka koya mana cewa gajiyar da muke kwasa zuwa gida mu sauke a kan iyalanmu, wani lokaci daga silin take saukowa. Kai ne ranarmu ta cikin ɗaki, mun gode. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya bar maka naka idon. Ku kuma da kuke da iko a kan inda wasu ke wuni, manya da masu gyara, kafin ku yanke hukunci a kan aikin mutum ku ce masa ya tashi ku zauna, ku ga abin da yake gani.

Ranarsa ta ƙarshe, da hantsi, Mai Tsani ya yi zagayen sallama ba tsani a kafaɗa. Ya zo lungun Jan Biro, ya miƙa hannu, bai ce komai game da kujera ba.

Jan Biro bai karɓi hannun ba. Ya dubi takardar da ke gabansa, wadda ya daɗe yana matso da ita yana nesanta ta. Ya rufe bironsa, ya dafa tebur, ya miƙe, ya koma gefe.

"Zauna, tsohon banza," in ji shi. "Haka nake riƙe ta, ka gani? Abin da ka gani, ka je ka faɗa mata, ko mene ne."