Ba Nyele, Mai Tsaron Ganuwa

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga Rajab, Ba Nyele Jamutene, wato Iya Nyele, mai daddawa ta babbar kasuwar Sikaso ta riga mu gidan gaskiya.

Ba Nyele, ni ne Lansine mai goro, abokin wasanki. Kowace safiya gaisuwarki ɗaya ce: "Jikan mayunwata, har yanzu kana waje?" In ce: "Tsohuwa, sai na ci garin nan." Ki ce: "Fara cin tuwona tukuna." Ki turo kwano. Ba ki taɓa bari na wuce da yunwa ba.

Gaskiyarki ce. Kakana a rundunar Almami ya zo. Shi Almamin, mutum ɗaya, ya ɗaura ɗamarar yaƙi daga kudu, ya juya ƙasashe kamar waina: garuruwa suka tashi, hanyoyin fatake suka kauce, mutane suka wayi gari da harshen da ba nasu ba. Duk ya yi, amma ganuwar kakanninki ta ƙi shi. Rundunar ta koma, aka bar kakana a gindinta, haƙarƙari a waje. Matan garin nan suka ba shi kunu, daga baya suka ba shi mata. Ba don wancan yaƙi ba, da ban san ki ba.

Guntun ganuwar da ya rage a bayan gidanki shi kika tsare. Mai ɗiban ƙasarta don yaɓe ya san muciyarki. Bara wani attajiri ya kawo katafila zai baje ta ya jera shaguna, kika shimfiɗa tabarma a gabanta kina tankaɗe. Ya ce: "Iya, ƙasa ce fa kawai." Kika ce: "Ɗana, mai dawaki dubu ya zo ya koma. Kai da jakin ƙarfe ɗaya?"

Na ji an ce da sadakar bakwai attajirin zai dawo, wai mai gadi ta mutu. To, a gaya masa na kwashe gorona daga kasuwa, na kasa shi a kan tabarmarki. Zuriyarmu ta san zaman gindin ganuwar nan. Kakana ya zauna don ta faɗi, ni na zauna don ta tsaya, kuma na fi shi guzuri.

Allah Ya jiƙanki, Ya yalwata kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Zumana, Korotumu da sauran jikoki, Allah Ya ba ku haƙuri. Ku ci gaba da turo tuwon.